Wa Ya Haɗa Ɗan Mai Shagon Gashi Da 'Yar Jamaika?



Yau ba maganar kasuwa na zo da ita ba, ko da yake idan mai karatu ya yi haƙuri ya biyo ni zai ga ƙarshenta kasuwar muka koma. Wani littafin soyayya na Turanci ne ya hana ni barci dare biyu, kuma tun da na gama shi nake ta bin diddigin tarihin da ke bayansa, shi ne na ce bari in kawo muku abin da na samo.

A wajen masu littattafan gwanjo na Dugbe na tsince shi, ran da Baba ya aike ni banki aka ce na'ura ta tsaya, in dawo bayan awa ɗaya. Sunansa The Sun Is Also a Star, wato rana ma tauraruwa ce. Wata mata mai suna Nicola Yoon ce ta rubuta shi, ya fito a 2016, aka mayar da shi fim a 2019. Ita marubuciyar a Jamaika da unguwar Brooklyn ta birnin Niyok ta tashi, mijinta kuma ɗan asalin Koriya ne haifaffen Amurka, don haka abin da ta rubuta ba daga nesa ta hango shi ba. Turancina na sakandare ne, sai da na riƙa leƙa ƙamus a waya, amma an rubuta littafin don matasa ne, babu wahala sosai.

Duk labarin a yini ɗaya ya faru. Natasha yarinya ce 'yar shekara 17, an kawo ta Amurka daga Jamaika tana 'yar shekara 8, kuma a daren ranar za a mayar da su gida ita da iyayenta da ƙanenta saboda ba su da takardun zama. Mahaifinta ya shigo da bizar ziyara ne da burin zama ɗan wasan kwaikwayo, biza ta ƙare bai koma ba, shekaru suka yi ta tafiya, har ran da ya sha giya ya yi hatsari da mota, ya buɗe baki ya gaya wa 'yan sanda asirin gidansa. Da safen ranar ƙarshe Natasha ta tafi ofishin shige da fice ko za a dace. Wata mai gadin ƙofa ta ɓata mata lokaci wajen bincike har ta makara, sai wani ma'aikaci ya tausaya mata ya ba ta sunan wani lauya. Shi kuwa Daniel ɗan Koriya ne haifaffen Niyok, ubansa yana da shagon sayar da kayan gyaran gashi na baƙar fata a unguwar Harlem, iyayensa sun ƙudurta sai ya zama likita, shi kuma waƙa yake son rubutawa. A ranar zai je ganawa da wanda zai tantance shi don shiga jami'ar Yale. Ya hango ta a titi, ya bi ta, ya fizgo ta daga gaban wata mota da ta kusa take ta, daga nan suka wuni tare.

Gardamar da ke tsakaninsu ita ce ƙashin bayan littafin. Shi ya ce an ƙaddaro su haɗu ne. Ita ta ce babu wani abu wai shi an ƙaddaro, akwai dai abin da ake iya aunawa, sauran duk dace ne kawai. Don ya kama ta da makaminta sai ya kawo mata wasu tambayoyi 36 da wani masanin halayyar ɗan Adam, Arthur Aron, ya yi gwaji da su ya wallafa a 1997, waɗanda ake cewa suna kusanta baƙi biyu da juna idan suka amsa su tare. Wannan gwajin da gaske an yi shi, ba ƙirƙirar marubuciya ba ce. A ƙarshe dai lauyan da Natasha ta dogara da shi, wanda kuma shi ne ashe zai tantance Daniel, bai je wajen alƙali a kan lokaci ba saboda ya tafi sha'anin zuciyarsa da wata ma'aikaciyar ofishinsa. Jirgi ya tashi da Natasha a daren. Zumunci ya yi ta raguwa har ya yanke. Sai bayan shekara goma suka sake haɗuwa a cikin jirgin sama, inda mai gadin nan ta farko ta zama ma'aikaciyar jirgi ta gane Natasha.

A gaskiya dacen ya yi yawa. Birnin da ke da mutum sama da miliyan takwas, a ce lauyanki shi ne mai tantance saurayin da kika haɗu da shi da hantsi, ko marubutanmu na Kano da ake yi wa gorin haɗa masoya a asibiti da go-sulo ba su cika kai wa nan ba. Akwai kuma wurare biyu zuwa uku da ba zan so ƙanwata ta karanta ba tukuna. Amma abin da ya kama ni daban ne. Marubuciyar takan tsayar da labarin ta sako ɗan gajeren babi a kan tarihin wani abu, kuma ɗaya daga ciki a kan yadda aka yi 'yan Koriya suka riƙe kasuwar gashin baƙar fata ne a Amurka. Ni ɗan mai goro ne a garin Yarabawa, da na karanta wannan babin sai na ajiye littafin na yi shiru. Daga nan na fara bincike, kuma abin da na gano shi ne, kafin yaran nan biyu su tsaya a bakin titi ɗaya sai da majalisun ƙasashe uku suka yi ta buɗe ƙofa suna rufewa har wajen shekara tamanin.

Mu fara da ɓangaren yarinyar. Jamaika tsibiri ne da Ingila ta mallaka tun 1655, mafi yawan mutanensa jikokin bayi ne da aka kwaso daga yammacin Afirka don noman rake. Da bauta ta ƙare, aikin yi ya yi ƙaranci, sai suka zama mutanen ci-rani, suka je haƙar mashigin ruwa na Panama, suka je yankan rake a Kuba, wasu suka shiga Niyok. A 1952 Amurka ta yi dokar da ta ƙayyade wa kowace ƙasa da ke ƙarƙashin mulkin mallaka mutum 100 kacal a shekara. Mutum ɗari, jama'a, ko fasinjan tirela biyu ba su kai ba. Sai suka juya akala zuwa Ingila, inda dama tun Yunin 1948 jirgin ruwan nan Empire Windrush ya sauke ɗaruruwansu a kusa da Landan. A 1962, shekarar da Jamaika ta sami 'yancin kai, Ingila ita ma ta yi dokar da ta tsuke ƙofarta ga mutanen ƙasashen da ta raina. Shekara uku bayan haka Amurka ta sake buɗe tata.

Wannan doka ta 1965 ita ce uwa uba a labarin nan. Shugaba Lyndon Johnson ne ya sa mata hannu ranar 3 ga Oktoba a gindin mutum-mutumin 'yanci da ke bakin ruwan Niyok, kuma abin mamaki a jawabinsa cewa ya yi dokar ba wani juyin juya hali ba ce, ba za ta taɓa rayuwar miliyoyin mutane ba. Da wuya a sami shugaban da hasashensa ya kauce kamar wannan. Dokar ta soke tsohon tsarin da ke fifita Turawan arewacin Turai, ta ba da fifiko ga mai sana'ar da ake buƙata da wanda ke da ɗan'uwa a ƙasar. Matan Jamaika suka fara shiga a matsayin nas-nas da masu aikin gida, su yi shekaru suna tara kuɗi, sannan su ɗauko miji da 'ya'ya. Unguwannin Flatbush da Crown Heights na Brooklyn suka cika da su. To mahaifin Natasha da ya sauka a Niyok daga baya, ba jefa ƙuri'a ya yi ya zaɓi garin ba, can ne mutanensa suke, can zai sami wanda zai kwana a ɗakinsa.

Ɓangaren yaron ya fi ba ni sha'awa, don nan ne kasuwanci ya shigo. 'Yan Koriya na farko da suka je ci-rani ƙasar Amurka su 102 ne, suka sauka a Hawayi a Janairun 1903 don aikin gonar rake. Kafin 1905 sun kai wajen dubu bakwai, sai aka tsayar da tafiyar, Japan ta haɗiye ƙasarsu a 1910, Amurka kuma ta yi dokar 1924 da ta toshe wa mutanen Asiya hanya kusan gaba ɗaya. Daga nan sai yaƙin Koriya na 1950 zuwa 1953, wanda ya bar ƙasar a rabe, Kudu kuma cikin talauci mai tsanani. A farkon shekarun 1960 Koriya ta Kudu tana cikin matalautan ƙasashen duniya, ba irin ta yau mai Samsung da Hyundai ba. Janar Park Chung-hee da ya ƙwace mulki a 1961 ya ce dole a nemo abin da za a sayar wa waje a samu dala. Ƙasar ba ta da mai, ba ta da auduga ko gyaɗa irin tamu. Abin da take da shi mata masu dogon gashi ne da hannayen da ke neman aiki.

Masu sayen gashi suka riƙa bin ƙauyuka, mace ta yanke gashin kanta ta sayar don a sayi shinkafa ko a biya wa ƙanenta kuɗin makaranta. A lokacin yayin hular gashi ake yi a Amurka, kuma Hong Kong ce ke kan gaba wajen haɗa ta, da gashin da take sayowa daga ƙasar Sin. Sai a ƙarshen 1965 gwamnatin Amurka ta hana shigo da duk hular da aka yi da gashin ƙasashen kwaminis, saboda gabar da ke tsakaninta da Sin. Wani ma'aikaci a ofishin baitulmali a Washington ya buga takarda, kasuwar Hong Kong ta girgiza, ciniki ya faɗo hannun Koriya ta Kudu. Ba a jima ba wani kamfanin Japan ya fito da zaren roba mai kama da gashi da ake kira Kanekalon, wanda har yau da irinsa ake yin gashin dokin da mata ke kitso da shi a nan Badun. Farashi ya sauko, talaka ma ya iya saye. Zuwa 1970 hular gashi ce ta uku a kayan da Koriya ta Kudu ke fitarwa, bayan tufafi da katakon filawud, kusan kashi ɗaya cikin goma na duk abin da take sayar wa duniya.

Bari in ɗan ratse, don akwai wani abu da ban so in wuce shi. Ɗaya daga cikin manyan kamfanonin hular gashin, YH, ya fara a 1966 da ma'aikata ƙalilan, ya kai wajen mutum dubu huɗu, galibi 'yan mata daga ƙauye. Da kasuwar ta ja baya aka ce za a rufe shi, sai 'yan matan da suka rage suka je suka zauna dirshan a hedikwatar jam'iyyar adawa a watan Agustan 1979. 'Yan sanda suka afka musu da dare, wata ma'aikaciya mai suna Kim Kyung-sook ta rasa ranta. Rikicin ya kai ga korar shugaban adawa Kim Young-sam daga majalisa, mutanen Busan da Masan suka fito zanga-zanga, kuma ranar 26 ga Oktoban shekarar shugaban hukumar leƙen asirin ƙasar ya harbe Janar Park a wajen cin abinci. Wato gashin da ya taimaka wajen gina mulkin, 'yan matan da ke ɗinka shi suna cikin waɗanda suka jawo faɗuwarsa. Littafin bai kawo wannan ba, ni na ga ya kamata a sani.

To mu koma Niyok. Dokar 1965 ɗin da ta buɗe wa Jamaika ƙofa ita ce ta buɗe wa Koriya. A ƙidayar 1970 'yan Koriya a Amurka ba su kai dubu saba'in ba, a ta 1980 sun haura dubu 350, a ta 1990 sun kusa dubu 800. Da yawansu masu digiri ne, amma Turanci ya yi musu ƙaranci, takardunsu kuma ba a ɗauke su da daraja ba. Mai digirin injiniya sai ya tsinci kansa yana tallan hular gashi da jaka a titi, don masu kamfani a gida mutanensa ne, za su ba shi kaya bashi ya biya in ya sayar. Manyan masu sayen hular matan baƙar fata ne, don haka unguwanninsu aka nufa, inda kuma haya ke da araha saboda tsofaffin masu shaguna, Yahudawa da Italiyawa, suna ta ficewa bayan tarzomar shekarun 1960. Jari kuwa, ban da na dangi, akwai adashi, su suna ce masa "kye". 'Yan Jamaika ma suna da nasu da suke kira "fadna", Yarabawa su ce "esusu". Da yayin hular ya wuce sai suka cika shagunan da man kitso da man miƙar da gashi da mataji da gashin doki. Dillalan sari nasu ne, masu shago nasu ne, sabon zuwa ya yi shekara biyu yana yi wa ɗan'uwansa tsaron shago sannan a buɗe masa nasa. Haka aka yi wa baban Daniel a littafin, wani ɗan'uwansa ne ya ranta masa jari ya nuna masa sana'ar.

Duk wanda ya tashi a Sabo ya san wannan tsarin ko da ba a gaya masa sunansa ba. Kuma ya san abin da ke biyo bayansa. Baƙar fatar Amurka suna da nasu ƙorafin, kuma ba na banza ba ne. Su suka fara wannan sana'a, wata mata tasu Madam C. J. Walker da ta rasu a 1919 da man gashi ta yi arziki har ta zama abin misali. Sai ga shi jikokinta suna sayen kayan kansu a hannun baƙi, waɗanda ba sa kwana a unguwar, ba sa cika ɗaukar 'ya'yan unguwa aiki, wani lokaci ma suna bin mai saye da ido kamar ɓarawo. In ɗan unguwa ya buɗe nasa shagon sai ya ce 'yan sari sun ƙi ba shi kaya a farashin da suke ba nasu. Su kuma 'yan Koriya suna cewa awa goma sha huɗu muke yi a tsaye, ana yi mana fashi, ana kashe mu a bakin kanta, wa ya hana wani yin abin da muka yi? Akwai wurin da Daniel ya kai Natasha shagon ubansa, uban ya dubi gashinta da ta bari a tsaye yadda Allah Ya halitta shi, ya miƙo mata man miƙar da gashi. Shi a ganinsa kyauta ya yi. Na karanta wurin ina jin kunya kamar a shagonmu aka yi.

A Janairun 1990 saɓani tsakanin wata mata 'yar Haiti da masu wani shagon kayan miya na 'yan Koriya a Flatbush ya jawo ƙaurace wa shagon fiye da shekara guda. A Maris na 1991 a Los Angeles wata mai shago 'yar Koriya ta harbe yarinya 'yar shekara 15, Latasha Harlins, a kan kwalbar lemo da kuɗinta bai kai dala biyu ba, kuma kotu ba ta ɗaure ta ko kwana ɗaya ba bayan an same ta da laifi. Ranar 29 ga Afrilun 1992, da aka wanke 'yan sandan da suka lakaɗa wa Rodney King duka, garin ya kama da wuta. Mutum sama da 60 suka mutu, shagunan 'yan Koriya fiye da dubu biyu aka ƙona ko aka wawashe, 'yan sanda kuma suka tafi tsaron unguwannin masu kuɗi. Turawa ne suka yi dukan, kotu ce ta wanke su, amma shagon baƙo ne ke kusa da hannu. Duk wanda ya ga Shasha a Fabrairun 2021 ba ya buƙatar a yi masa bayanin wannan.

Saura doka ɗaya, wadda ta kori Natasha. A 1996 Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a wata doka da ta tsananta wa marasa takardu. Wanda ya wuce wa'adin bizarsa da fiye da shekara ɗaya, in ya fita ba zai dawo ba sai bayan shekara goma. Wanda yake so alƙali ya yafe masa kora kuma sai ya nuna ya yi shekara goma a ƙasar, sannan korarsa za ta jefa matarsa ko ɗaya daga iyayensa ko ɗansa mai takarda cikin wahala ta fitar hankali. Tun 2001 ake kai wa majalisa ƙudurin da zai ba yaran da aka shigo da su suna ƙanana damar zama 'yan ƙasa, bai taɓa wucewa ba. A 2012 Shugaba Obama ya fito da wani shiri na ɗage musu kora na ɗan lokaci, wajen mutum dubu 800 suka amfana, amma tun 2017 ake ta jan sa a kotu. Irin Natasha suna da yawa ke nan, yaran da ba su san wata ƙasa ba sai wadda ke cewa ba nata ba ne.

Ga inda ni na tsaya a gardamar yaran nan biyu. Ni Musulmi ne, ban da ja a kan ƙaddara, ko ganye bai faɗuwa sai da sanin Allah. Amma malamanmu na zaure sun koya mana cewa Allah Yana gudanar da abu ta hanyar sababi, kuma sanin sababin bai rage wa imani komai ba. Daniel ya ga haɗuwarsu ya ce an rubuta, ya tsaya nan. Natasha ta ce dace ne, ita ma ta tsaya nan. Babu wanda ya tambaya a cikinsu me ya kawo ubana garin nan, me ya kawo naki. Abin da ya fi damuna shi ne yadda kalmar ƙaddara ke zama bargon rufe laifin mutane. Lauyan nan da ya ƙi zuwa kotu ya gaya wa yarinya an yi iya ƙoƙari, mutum ne ya yi sakaci. Dokar 1996 mutane ne suka ɗaga hannu suka amince da ita. Mu ma nan in an ƙona rumfar mutum sai mu taru mu ce masa ƙaddara ce, ya yi haƙuri, kuma gaskiya ne, amma ashana a hannun wani take, kuma akwai wanda aikinsa ne ya hana bai hana ba.

Mahaifiyata tana da labarin da take son bayarwa. Wai Baba yana saurayi ya je Shagamu sarin goro, motar da za ta kwaso huhunansa ta tafi ta bar shi saboda ya tsaya sallar la'asar, dole ya kwana a gidan wani mai gida a Sabon Shagamu, ita kuma aka aiko ta da tuwon baƙi. Kullum in ta kai nan sai ta ce, "Ka ga ikon Allah, da motar nan ta jira shi da babu kai." Haka ne. Amma gidan kakana an gina shi ne musamman don saukar fataken goro, ɗakunan baƙi sun fi na iyali yawa. Goron kansa a da daga Gwanja kakanninmu ke ɗauko shi da jakuna, sai a farkon ƙarni na 20 manoman Agege da Otta da ƙasar Remo suka dasa shi da yawa. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, ya kai Kano a 1911, aka yanka wa Hausawa Sabon Badun a 1916. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabo a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi sukutum a kan yadda mai gida da dillali da bashin amana suka riƙe cinikin goro da shanu. Duk wannan sai da ya faru kafin a miƙa wa wata yarinya kwanon tuwo a ce ta kai zaure. Kuma wannan gidan da ya haɗa iyayena yana cikin waɗanda aka gudu aka bari a rikicin Shagamu na Yulin 1999.

Ni ma ina da tawa, ko da yake ba ta kai a rubuta littafi ba. A Disambar 2020 na shiga tasi ƙirar Micra daga Ojoo zuwa Mokola, wata yarinya a gaba tana ta faɗa da direba a kan canji da Yarabanci tsantsa, har da karin magana. Sai wayarta ta yi ƙara, ta ɗauka, na ji Sakkwatanci ya zubo kamar yanzu ta sauka daga motar Illela. Dariya ta ƙwace mini, ta juyo ta harare ni, daga nan muka saba. Babanta albasa yake saukewa a Shasha, ita a nan aka haife ta, arewa sai dai zuwa biki. Wata biyu muka yi muna gaisawa, har na fara tunanin yadda zan tunkari Baba da maganar. Sai aka yi sa-in-sa tsakanin wani ɗan dako da wata mai shago a kan kayan da ya zube, wani mai gyaran takalmi ya shiga tsakani ya rasa ransa, washegari kasuwa ta kama da wuta. Sun kwana biyu a gidan Sarkin Shasha tare da ɗaruruwan mutane, sannan babanta ya zuba su a tirelar da ta sauke kaya, ya ce shi da Kurmi har abada. Ta kira ni sau uku daga can. A na ƙarshe ta ce 'yan matan garin suna kiranta Bayarabiya saboda yadda take ɗaura ɗankwali. Bara na ji an yi mata aure. Shi ya sa da na zo wurin da Natasha ke cewa ba ta san Jamaika ba, ba ta da ƙawa ko ɗaya a can, har harshenta ya juye, ban ga 'yar Jamaika ba, ita na gani.

Akwai bambanci dai, kuma bai kamata in ɓoye shi ba. Mu ba a ƙasar wani muke ba, babu alƙalin da zai sa hannu a kore mu daga Badun, tsarin mulki ya ba kowane ɗan Nijeriya damar zama inda ya so. Namu ya fi kama da a bar ka ka zauna amma a riƙa tuna maka. Ni da aka haifa a nan, in ana neman takardar asalin ƙaramar hukuma sai na yi tafiyar kwana guda zuwa garin da kakana ya baro, in tsaya gaban mai unguwar da bai taɓa ganina ba. Waɗanda suka ɗanɗani irin ta Natasha sosai su ne mutanenmu na Gana, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fice a Nuwambar 1969, da kuma 'yan Gana da gwamnatin Shagari ta kora daga nan a farkon 1983, waɗanda har yau jakar da suka zuba kaya a ciki take ɗauke da sunansu.

Shekaranjiya muna zaune a rumfa muna zaɓen goro, muna fitar da masu sankara muna canza ganye, Baba ya ga littafin a gefena ya ce, "Wannan kuma na mene ne ka ƙi ajiye shi?" Na ba shi labarin tun daga farko, na tsallake wuraren da ba a faɗa wa uba. Ya saurara bai ce komai ba har na kai wajen jirgin sama. Na ce, "Baba, kai a ganinka an ƙaddaro su haɗu ne ko dace ne?" Ya jefa wani goro a kwandon marsa, ya ce, "Ɗan'uwan da ya ba uban jari, an biya shi?" Na ce littafin bai faɗa ba. Ya ce, "To shi yaron da ya wuni yana yawo da yarinya, wa ya bar wa shagon?" Na ce akwai wansa a ciki. Ya ce, "Ai shi ke nan," ya turo mini wani huhun ya ce in kwance.